Daga Afi Zuwa Musafaha: Tarihin Gaisuwar Jiki a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane ya gai da wane, abin da yake nufi ya wuce kalmomin da suka fito daga baki. Yana nufin har da wurin da mai gaisuwar ya tsaya, da ko ya tuɓe takalmi, da yadda ya rage tsawo, da inda ya ajiye idonsa, da hannun da ya miƙa. Shi ya sa yaro zai iya cewa "ina kwana" sarai kowa ya ji, amma a ce bai gai da mutane ba, don kuwa a tsaye ƙiƙam ya faɗe ta. Harshen Hausa kansa shaida ne a kan wannan. Rashin kunya shi ne "tsaurin ido", wulaƙanci shi ne "cin fuska", karɓar baƙo da murna shi ne "sakin fuska". Masu iya magana kuma suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Nazarin sadarwar da ba ta baki ba ya daɗe a ƙasashen Turai da Amurka. Charles Darwin ya wallafa littafinsa a kan yadda fuska da jiki suke bayyana abin da ke cikin zuciya a 1872. Ray Birdwhistell ya fito da tsarin nazarin motsin jiki a 1952, Edward Hall kuma ya yi bayani a kan tazarar da mutane suke bari tsakaninsu a littafinsa The Silent Language na 1959. Galibin irin waɗannan ayyuka siffanta abin da ake yi a lokacinsu suka yi. Wannan maƙala kuwa baya za ta waiwaya, ta bi diddigin abu guda, wato yadda na ƙasa yake ajiye jikinsa a gaban na sama, tun daga ƙarni na 11 har zuwa ƙarshen ƙarni na 20. Abin da za ta nuna shi ne, a wannan yanki namu ba a cika yin jayayya a kan kalmomin gaisuwa ba. A kan jiki ake yin ta. Duk wata tafiya ta gyara da ta taso, ta addini ko ta siyasa, sai ta taɓa gwiwa da takalmi da rawani, domin a nan ne ake ganin wane ne gaba da wane.

Ƙasa a Ka: Daulolin Farko

Labari mafi daɗewa da muke da shi a rubuce ya fito ne daga Al-Bakri, malamin Andalus wanda ya kammala littafinsa Kitab al-Masalik wa al-Mamalik a wajejen 1068. Da yake bayanin fadar Sarkin Gana ta dā, ya ce idan talakawan da suke bin addinin sarki suka zo gabansa sai su zube bisa gwiwoyinsu su riƙa watsa ƙasa a kansu. Musulmi kuwa, waɗanda suke da nasu gari daban mai masallatai, tafi kawai suke yi. Wannan bayani gajere ne, amma yana ɗauke da abin lura. Tun a lokacin an gane cewa zuba ƙasa a ka ya ƙunshi wata ma'ana da Musulmi ba zai iya ɗauka ba, har fada ta yarda a sama masa wata alama ta daban. Gaisuwa ta zama hanyar gane addinin mutum tun bai buɗe baki ba.

A daular Mali sarakuna sun musulunta, amma al'adar ba ta gushe ba. Ibn Baɗuɗa ya zauna a Mali daga 1352 zuwa 1353, zamanin Mansa Sulaiman, ya kuma ga abin da idonsa. Ya ce idan sarki ya kira mutum, sai mutumin ya tuɓe tufafinsa masu kyau ya sa tsummoki, ya cire rawani ya sa wata hula mai dauɗa, ya tattare wando, ya matso cikin ƙanƙan da kai yana buga gwiwar hannunsa a ƙasa. Idan sarki ya yi masa magana sai ya ɗebi ƙasa ya watsa a kansa da bayansa kamar mai wanka. Ya kuma ambaci wata alama ta daban. Idan wani ya tashi yana lissafa hidimar da ya yi wa sarki, waɗanda suka san gaskiya ce sukan ja tsarkiyar bakansu su saki, ƙarar ita ce shaidarsu. Har ila yau a cikin littafin tafiyarsa an ba da labarin wani manzon Mansa Sulaiman da ya je fadar Sarkin Maroko Abul Hasan tare da mai ɗaukar masa kwandon ƙasa, duk lokacin da sarki ya yi masa kyakkyawar magana sai ya ɗiba ya zuba a ka. Ibn Baɗuɗa ya yaba wa mutanen Mali a kan adalci da tsare salla da haddar Alƙur'ani, amma ya jera zuba ƙasa a cikin munanan al'adunsu.

Wani labarin kuma ya nuna cewa sarakunan da kansu sun san nauyin abin. Al-Umari ya ruwaito cewa da Mansa Musa ya isa Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta zuwa Makka, an nemi ya sumbaci ƙasa a gaban Sarkin Misira Al-Nasir Muhammad, ya ƙi. Da aka matsa masa, sai ya yi sujada ya bayyana cewa ga Allah da ya halicce shi ya yi ta. Mutumin da dubban jama'a suke birgima a gabansa a gida, shi ne ya ƙi kai goshinsa ƙasa a gaban ɗan'uwansa sarki, don ya san abin da hakan zai faɗa a kan matsayin Mali.

A Sanwai ma, littafin Tarikh al-Fattash ya nuna cewa an yi wa wannan gaisuwa hawa-hawa a fadar Askiya. An ba Sarkin Jenne damar zuba gari maimakon ƙasa. Ke nan alamar ta zama kamar harshe mai ƙa'idoji, ɗan sauyi kaɗan a cikinta yana nuna daraja.

Ƙasar Hausa ba ta ware daga wannan duniya ba. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Hausa kuma tana da nata kalmomi na wannan aiki, wato "afi" da "hurwa", waɗanda duk suke nufin zuba ƙasa a ka don nuna biyayya ko neman gafara. Samuwar kalmomin ya isa shaida cewa an yi abin a nan, an kuma daɗe ana yi.

Jikin Sarki

Gaisuwa tana da ɓangare biyu. Kamar yadda aka tsara wa talaka yadda zai ƙasƙantar da kansa, haka aka tsara wa sarki yadda zai ɗaukaka nasa. Tarihin Kano ya danganta wa Muhammadu Rumfa (1463–1499) abubuwa goma sha biyu da ya fara, kuma da dama daga cikinsu alamomi ne da ido yake gani ko kunne yake ji: kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage. Babu ɗayansu da yake magana, amma kowane yana sanar da cewa ga sarki nan, a ja da baya.

A wannan zamani ne Shaihu Muhammad ibn Abdulkarim Al-Magili ya zo Kano ya rubuta wa sarki littafin nasiha wanda aka sani da Taj al-Din fi ma Yajib ala al-Muluk. Ya keɓe babi guda a kan kyautata kamanni, inda ya yi bayanin yadda sarki zai yi shiga, da yadda zai zauna a natse ba tare da yawan motsi ba, da kame ido, da rufe baki in hamma ta zo, da barin ƙyaƙyata dariya. A ganinsa kwarjini aiki ne da ake koya. Sai dai a cikin littafin nan kuma ya yi ta maimaita gargaɗi a kan sarki ya ɓuya wa talakawansa, yana ganin wannan shi ne tushen bala'i. Ya so sarki ya kasance mai kwarjini, amma wanda mai ƙara zai iya isa gabansa.

Gargaɗin yana da dalili, don kuwa ɓoye sarki tsohuwar al'ada ce a yankin. Ibn Baɗuɗa ya ji labarin cewa Sarkin Barno na lokacinsa ba ya bayyana ga mutane, ta bayan labule yake magana. Bayan shekara kusan 470, a 1823, Dixon Denham ya ziyarci Mai na Barno ya tarar da shi zaune cikin wani abu mai kama da keji, fadawansa sun sha manyan rawuna sun cusa tufafi don su yi ƙiba, suna zaune sun juya masa baya don girmamawa. A lokacin kuwa mulki ya riga ya koma hannun Shehu Muhammad Al-Amin Al-Kanemi a Kukawa, wanda ya karɓi baƙin nan a ɗan ƙaramin ɗaki, zaune bisa darduma cikin riga marar ado. Wannan ya koya mana cewa alama takan daɗe bayan ikon da ya haife ta ya tafi.

Ragowar wannan tsari yana nan a fadojin ƙasar Hausa. Amawali yana rufe bakin sarki. Idan zai hau doki ko zai gyara zama, dogarai sukan baza manyan rigunansu su kare shi. Idan mutum ya faɗi ya yi gaisuwa, ba sarki ne yake amsawa ba, fadawa ne suke cewa an gaishe ka, shi kuwa ya ɗan ɗaga dunƙulallen hannu. Shirun sarki da rashin motsinsa su ne maganarsa.

Jihadi da Gyaran Gaisuwa

Malaman Musulunci suna da hujjoji bayyanannu a kan wannan batu. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas, inda aka hana mutum ya sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, aka yarda da musafaha. Risala ta Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan yake karantawa, ta kyautata musafaha ta kuma ambaci cewa Imam Malik ya ƙi sumbatar hannu. Saboda haka duk malamin da ya ga ana afi a fada ya san akwai saɓani tsakanin littafi da al'ada. Abin da ya rage shi ne wa zai faɗa.

Tun kafin a zare takobi, rikicin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da sarakunan Gobir ya bayyana a kan alamomi. A taron Idi na Magami, wajejen 1788, Shehu ya ƙi karɓar kyautar Bawa Jangwarzo, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta, ɗaya daga ciki shi ne a girmama duk wanda ya naɗa rawani. Bayan 'yan shekaru Sarkin Gobir Nafata ya yi doka ya hana maza naɗa rawani, mata kuma ya hana su lulluɓi. Nafata ya fahimci cewa rawani ya zama tuta. Kowace kasuwa aka shiga ana iya ƙidaya jama'ar Shehu da ido, kuma yawansu kaɗai wa'azi ne.

Da Shehu ya rubuta Kitab al-Farq, inda ya bambanta mulkin Musulunci da na sarakunan da ya yaƙa, ya sa zuba ƙasa a ka lokacin gaisuwa cikin jerin abubuwan da ya soka, tare da haraji na zalunci da ƙwace da cin hanci. Sa shi cikin wannan jeri yana nuna cewa Shehu bai ɗauke shi ƙaramin abu ba. A ganinsa goshin da aka halitta don sujada bai kamata ya taɓa ƙasa saboda mutum ba, kuma talakan da ya saba birgima a gaban sarki da wuya ya iya ƙin zaluncinsa.

Jihadi ya fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shugabannin farko sun yi ƙoƙarin su nuna sabon tsari a jikinsu. Da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zaune bisa 'yar darduma tsakanin ginshiƙai biyu na soro, ba labule ba keji. Mubaya'a, wadda ake yi hannu cikin hannu, ita ce alamar biyayya da shari'a ta sani.

Amma fada tana da nata hali. Tun ana tsakiyar yaƙi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fara kukan cewa wasu daga cikin jama'a sun karkata ga son mulki da ado, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano ya rubuta Diya al-Hukkam. A Kano ɗin kuma, Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya farfaɗo da sarautu da yawancin tsare-tsaren fadar Haɓe don ya kafa mulkinsa. Abin da ya fito daga wannan ja-in-ja shi ne sulhu. Afi ya ja baya, amma tuɓe takalmi da faɗuwa da sunkuyar da kai suka zauna daram. Jinjina, wato ɗaga dunƙulallen hannu ko mashi, ta samu gurbi babba, musamman a hawan salla inda mahaya suke sukuwa su zo su ja linzami a gaban sarki. Jinjina gaisuwar mayaƙi ce, tana nuna biyayya ba tare da goshi ya kai ƙasa ba. An cire mafi tsananin alama, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinta, cewa na ƙasa shi ne mai rage tsawo, ba ta motsa ba.

Zamanin Turawa da 'Yan Sawaba

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Da yake mulkinsu ta hannun sarakuna ya bi, sun kula da alamomi ƙwarai. Sun kawo sandar girma wadda gwamna yake miƙa wa sarki ranar naɗi, kowa ya ga daga hannun wa iko ya fito. Sun kuma karɓi gaisuwar da ake yi wa sarakuna suka mai da ita tasu. Talaka in ya haɗu da Razdan ko Di'o a hanya sai ya sauka daga kan jaki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa yana cewa "Zaki!"

A nan ne tsarin alamomi biyu suka yi karo, don kusan kowace alama ta Bature kishiyar ta Bahaushe ce. Bature yana cire hula ya bar takalmi, Bahaushe yana tuɓe takalmi ya bar hula, domin a wurinsa tuɓe wa mutum rawani shi ne raba shi da sarauta. Bature yana miƙewa tsaye idan babba ya shigo, Bahaushe ƙasa yake yi. Bature yana ɗaukar kallon ido cikin ido alamar gaskiya, Bahaushe kuwa tsaurin ido yake kiransa. Makarantar boko, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ta raini yara a tsarin farko alhali gida da makarantar allo suna rainonsu a na biyu. Yaro guda sai ya miƙe wa malaminsa da safe, ya durƙusa wa malaminsa da yamma. Waɗanda suka fito daga wannan tarbiyya biyu su ne suka fara tambayar dalilin kowace.

Littattafan hira na Hausa da aka buga a shekarun 1930, irin su Shaihu Umar da Magana Jari Ce, cike suke da mutanen da suke faɗuwa su yi gaisuwa a gaban sarki, ba tare da marubutan sun ga abin yana bukatar bayani ba. Bayan shekara ashirin kacal abin ya zama batun siyasa. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano (1920–1983) ya zama jagoranta. Cikin abin da 'yan Sawaba suka koya wa talakawa akwai cewa mutum ɗan'uwan mutum ne, ba dole ba ne ya zube a gaban hakimi ko dagaci. Ƙin tuɓe takalmi da ƙin durƙusawa suka zama hanyar bayyana ra'ayi ga mutanen da ba su iya karanta jarida ba. Masu sarauta ma haka suka fahimci abin, shi ya sa ɗauri da bulala suka yawaita a kan 'yan jam'iyyar a kotunan En'e bisa tuhumar raina hukuma. Hujjar da Malam Aminu da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa kafawa kuwa ba daga Turai kaɗai suka ɗauko ta ba. Su biyun 'ya'yan malamai ne, sun san littattafan masu jihadi, suka kuma juya su a kan jikokin masu jihadin.

Ko a cikin masallaci jiki bai daina rarrabe mutane ba. Da Tijjaniyya ta Shehu Ibrahim Inyas ta bazu daga Kano, ƙabalu, wato ɗora hannu bisa ƙirji a salla, ya zama alamar mabiyanta a tsakanin jama'ar da suka saba da sadalu. Saɓani a kan wannan ya kai ga tashin hankali a wasu garuruwan lardin Sakkwato a shekarun 1950 da 1960.

Cikin Gida: Kunya da Wasa

Duk abin da aka faɗa a sama a dandali ya faru. Amma inda gaisuwar jiki ta fi kafuwa shi ne cikin gida, kuma a nan ma'anarta ta sha bamban. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda kunya take tsara zaman dangi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Suruki yana tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ba ya cin abinci a gaban surukansa. Mace ba ta faɗar sunan mijinta. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka ƙiyayya ce ko tsoro. A wurin masu ita kuwa kau da kan da uwa take yi shi ne shaidar cewa ɗan ya kai matuƙa a zuciyarta. A laccarsa Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya sa kunya da ladabi cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su, kuma dukkansu a jiki ake ganinsu kafin a ji su a baki.

Kishiyar kunya ita ce wasa. Tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da tsakanin Fulani da Barebari, an halatta abin da aka hana a wani wuri. Taubashi yana iya fizge hular taubashinsa a bainar jama'a a yi dariya. Da wani ne ya yi haka, sai an kai ga alƙali. Wannan ya tabbatar da cewa motsin jiki ba shi da ma'ana tsayayya shi kaɗai, dangantakar da ke tsakanin mutum biyu ita take ba shi ma'ana. Harara daga uwa tarbiyya ce, daga kishiya neman faɗa ce. Durƙuson talaka a gaban Di'o tilas ne, durƙuson ɗa a gaban mahaifinsa kuwa neman albarka ne, ko da yake gwiwa ɗaya ce ta taɓa ƙasa.

Wannan bambanci shi ne ya sa muhawara ta uku ta fi na baya zafi. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaihu Abubakar Gumi. Cikin abin da masu wa'azinta suka soka akwai durƙusawa da rusunawa wajen gaisuwa, bisa hadisin da aka ambata a baya. Shehu Usmanu da fada ya yi, 'yan Sawaba da hakimai suka yi, amma wannan karon maganar ta shiga zaure da tsakar gida. Saurayi ya dawo daga wa'azi ya miƙa wa mahaifinsa hannu a tsaye, yana ganin sunna ya raya. Uban kuma ya ga ɗan da ya haifa ya daidaita kafaɗa da shi. Kowannensu ya karanta alama guda da ƙamus daban, kuma gidaje da yawa sun jijjiga a kan haka a shekarun 1980. Ousmane Kane ya yi nazarin wannan sauyi a Kano cikin littafinsa na 2003. Masu kare al'ada sun riƙa cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma Alƙur'ani ya yi umarni da ƙanƙan da kai ga iyaye. Masu suka kuma suka ce ƙanƙan da kai a zuciya da hidima yake, ba a kwaikwayon ruku'u ba.

Yadda abin ya lafa ya yi kama da yadda ya lafa bayan jihadi. A gidaje da dama an samu tsaka-tsaki. Yaro yakan zauna a ƙasa kusa da babba maimakon ya durƙusa, ko ya ɗan rage tsawo ya karɓi hannun babba da hannu biyu, ya mai da nasa ƙirji, idonsa a ƙasa. Siffar ta sauya, amma saƙon bai sauya ba.

Kammalawa

Daga tafin Musulmin Gana a ƙarni na 11 zuwa musafahar samarin ƙarshen ƙarni na 20, tambaya guda ake ta maimaitawa: ina iyakar girmamawa, daga ina kuma bauta ko ƙasƙanci suka fara? Sau uku aka tayar da ita da ƙarfi a ƙasar Hausa, a zamanin jihadi, da zamanin Sawaba, da zamanin Izala. Kowane karo an zubar da wata alama, an riƙe wata, an ƙirƙiro wata. Afi ya zama kalmar ƙamus, faɗuwa ta koma fada da wuraren naɗi, durƙuso ya ragu a birane. Abin da bai taɓa faɗuwa ba shi ne bukatar na ƙasa ya nuna wa na sama, ta hanyar da ido zai gani, cewa ya san da bambanci a tsakaninsu.

Wannan yana da amfani ga malamin makaranta da alƙali da likita, waɗanda kullum suke yanke hukunci a kan mutane bisa abin da suka gani a jikinsu. Ɗalibar da ta ƙi kallon malaminta tana iya zama mafi ladabi a ajin, mai shaida da ya sunkuyar da kai kuma ba lalle ƙarya yake yi ba. Yana kuma da amfani ga masu nazarin harshe. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomi irin su zunɗe da gatsine da tagumi da daƙuwa, amma kalma ba ta nuna yadda hannu ya tafi, ko wa ya isa ya yi wa wa. Tsofaffin da suka ga fadojin zamanin En'e da idonsu suna ƙarewa, haka ma matan da suka yi cikakkiyar kunyar ɗan fari. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki wannan a hoto da bayani, gari gari, daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, kafin ya zama sai a littafin baƙo za a neme shi, kamar yadda muka nemi labarin afi a wurin Ibn Baɗuɗa.